Albashin Malam da na Malama

Yau ƙanwata ta dawo daga makarantar kuɗin da take koyarwa nan wajen Ƙofar Ƙaura, ko hijabi ba ta cire ba ta ce Yaya zauna ka ji. Ashe wani malami da aka ɗauke su aiki tare, takardar NCE ɗaya, shi aji guda ita aji guda, albashinshi ya ɗara nata da dubu 15. Ta je ta tambayi mai makarantar cikin ladabi sai ya yi murmushi ya ce "Haba Malama, ai shi magidanci ne, ke kuwa ciyar da ke ake yi." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don tun da aka cire tallafin fetur a 2023 sana'ar mijinta ta ja baya, ɗan albashin nan nata shi ke biyan kuɗin makarantar yara har da maganin Inna.

Na yarda ciyarwa nauyin namiji ne a addini, ban musa ba, amma albashi ai ladan aiki ne ba kuɗin cefane ba, in don iyali ake biya to me ya sa ba a rage ma gwauro? Tsarin mulkin 1999 sashe na 17 ya ce aiki iri ɗaya biya iri ɗaya ba ruwan mace ko namiji, a gwamnati ma matakin albashi ake bi. Abin da ya fi ci min rai shi ne ta ce ba za ta ƙara tambaya ba, tana tsoron kar a sallame ta.