Abin da tsohuwar mazaɓar Winnipeg ta koya min

A kwas ɗinmu na tsare-tsaren zaɓe an ba kowa mazaɓa ɗaya da aka riga aka soke ya je ya tono tarihinta, ni Winnipeg ta faɗo min, wato babban birnin lardin Manitoba a Kanada. Daga 1920 har 1949 gaba ɗayan birnin mazaɓa ɗaya ce tak amma mai kujeru 10 a majalisar lardi, kuma abin da na fara koya shi ne teburin sakamako ba ya gaya maka komai sai ka san dokar da aka ƙirga ƙuri'un da ita.

Su can a wancan lokacin ba dangwale ɗaya ake yi ba. Mai zaɓe zai rubuta 1 gaban wanda ya fi so, 2 gaban na biye, haka dai har inda ya ga dama. Sai a raba jimillar ƙuri'u gida 11 a ƙara ɗaya, duk wanda ya kai wannan adadi ya ci, rarar da ya bari a miƙa wa waɗanda mutanensa suka sa a na biyu, mai mafi ƙarancin ƙuri'u kuma a cire shi a rarraba nasa, a yi ta zagaye har kujerun su cika. A 1920 Fred Dixon na ɓangaren 'yan ƙwadago ya samu sama da 11,000 a zagayen farko alhali 4,000 da 'yan kai ake buƙata, to ka ga rararsa kaɗai ta isa ta ɗaga wasu, shi ya sa wanda kake gani can ƙasa a layin farko sai ka tarar da shi cikin goma a ƙarshe.

Amma wallahi abin da ya fi taɓa ni sunayen ne. William Ivens da John Queen da George Armstrong duk suna gidan yari aka zaɓe su a 1920, saboda yajin aikin gama-gari na 1919 da ma'aikata kusan 30,000 suka tsayar da birnin cak na sati 6. Kotu ta ɗaure su, talakawa suka ce mu dai su muke so, kuma babu alamar wannan ko kaɗan a cikin alƙaluman, sai ka koma tarihin garin. A wannan zaɓen dai Edith Rogers ta zama mace ta farko a majalisar, shekara 4 bayan matan Manitoba sun samu 'yancin zaɓe a 1916.

A 1949 aka tsaga mazaɓar gida uku kowacce da kujeru 4, zuwa 1958 kuma aka koma kujera ɗaya-ɗaya, don haka jera sakamakon 1920 da na 1958 a layi ɗaya don ka ce jam'iyya kaza ta hau ko ta sauka rashin adalci ne ga alƙaluman, iyaka ta canza, doka ta canza. Kuma ko a lokacin da tsarin yake burge ni, kujeru 10 ne kacal cikin 55 aka ba birnin da yawan jama'arsa ya wuce wannan kaso nesa ba kusa ba, ƙuri'ar manomin karkara ta fi ta ma'aikacin Winnipeg nauyi tun kafin a buɗe akwati.