Abin da na gani a Dandaji

Tsohon masallacin Dandaji mai ginin ƙasa, a jihar Tahoua ta Nijar, ya kama hanyar lalacewa. Da a wani garin ne, da tuni katafila ta share shi. Amma masu zanen gine-gine biyu, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili, suka gyara shi ya koma ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Na shiga da tsakar rana, waje zafi, ciki sanyi, na daɗe ina shafa bangon.

Ni ma zanen gine-gine ne sana'ata, kuma ba ni da yawan magana. Wasu na ganin mai shiru ba ya iya jan ragamar aiki. Ban yarda ba. Sabunta gari sai mai haƙurin sauraro, wanda zai zauna da mai unguwa da tsofaffin magina, ya ji inda ruwa ke kwanciya da damina kafin ya ɗauki fensir. Gobe in sha Allahu ina da zama da matan wata unguwa da za a faɗaɗa wa hanya.