Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Inna da Ma'aunin Damtse

A makon jiya mun tsaya inda aka tura ni karkara a matsayin ma'aikaciyar lafiya, ɗauke da sikelin rataye jarirai, littafin rajista da ma'aunin damtse mai launi uku.

Abin da aka koya mana a wajen horo a bayyane yake, shi ne kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF: a ɗora jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ya sha dakashi, a ba shi nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Sai dai ba a daɗe ba na gane mai jego ba ita ke da ta cewa a kan ɗanta ba. Za ta ce mini to, ina fita uwar mijinta ta ɗauko ruwa ta ɗura wa jinjiri.

Akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, wadda rabin matan unguwar a hannunta suka haihu. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke da girmanki ƙishirwa kike ji, balle wannan ɗan mitsitsi?"

Na russuna na ce, "Inna, gaskiyarki, yana jin ƙishi. Amma nonon uwarsa fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne. Cikinsa ƙarami ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nonon ma ya ja baya. Ga ƙwayoyin cuta da ke biyo ruwan su kawo gudawa."

Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ce komai ba. Ni kuwa ban taɓa ganin laifinta ba, don ƙauna ce ke sa ta miƙa ruwan.

Daga baya na ba ta ma'aunin damtse guda ɗaya, na nuna mata yadda ake naɗa shi a tsakiyar damtsen yaron da ya kai wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti. Na kuma koya mata danna bayan ƙafar yaro da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, kada a jira.

Wata safiya sai ga Inna da kanta, riƙe da hannun wata yarinya mai goyo. Ta auna ɗan da daddare, ya faɗa ja, ta kasa barci. Gudawa ta daɗe tana cinsa tun yana ƙarami. Muka tura su asibiti, aka ɗora shi a kan abincin nan na tamowa mai zuwa a leda, yana dawowa awo duk mako. Inna ba ta fashin rako su, ita ke leƙa sikeli kafin ni.

Tun daga nan, in an haihu, ita ke aiko yaro ya kira ni, kuma da bakinta na ji tana ce wa wata mai jego ta sha ruwan ita, ta bar wa ɗan nono.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka yi da mahaifin yaron, ranar da na tarar ana raba wa yayyensa abincin.