Asabar a Warwick

Ruwa ya hana mu fita da wuri, sai da hantsi ya ɗaga muka kama jirgin ƙasa daga Birmingham, ni da Anti. Ita fadar nan ta bakin kogin Avon ce ta kawo ta. Muka zaga, aka sha hoto, ta ce ƙafafunta sun gaji za ta nemi shayi. Ni kuwa na wuce cocin St Mary, inda kabarin Richard Beauchamp yake, mai sarautar Warwick a zamaninsa.

An kwantar da siffarsa ta tagulla mai ruwan zinariya, sanye da sulke. A Rouen ta Faransa ya mutu a 1439, kuma a hannunsa aka tsare Joan ta Arc, budurwar da ta jagoranci mayaƙan Faransa a kan Ingilishi, kafin a ƙone ta a 1431. Amma ba shi ne ya riƙe ni ba yau. 'Yarsa Anne ce ta tsaya mini a rai.

An haife ta a 1426, ba wanda ya ɗauka gado zai biyo ta kanta, tunda tana da wa, Henry. Sai Henry ya rasu a 1446 ya bar 'ya guda, yarinyar ma ta bi shi a 1449 tana ƙarama. Anne na da yayye mata uku 'yan uba, manyan mata masu mazaje a fada, sun kuma yi ja-in-ja. Sai dai dokar Ingila ta lokacin ta fifita wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya da mamacin. Haka sarautar Warwick da filayenta suka faɗo hannun Anne, ga kuma rabonta daga dukiyar uwarta Isabel Despenser, har da Glamorgan can ƙasar Wales.

Mijin da aka aura mata tun suna yara shi ne Richard Neville, wanda tarihi ke wa kirari da mai naɗa sarakuna. Kowa in ya ce Warwick shi yake nufi. To sunan nan ta hannun matarsa ya same shi, haka ma wani kaso mai tsoka na dukiyar da ya tara mayaƙa da ita.

Aka kashe shi a yaƙin Barnet a Afrilun 1471. Anne ta gudu ta fake a gidan ibadar Beaulieu, tana ta aika wasiƙu ga sarki da matan fada, har da majalisa, tana neman haƙƙinta. Ba wanda ya share mata hawaye. Dalili a fili yake: 'ya'yanta biyu mata, Isabel da Anne ƙarama, ƙannen Sarki Edward na Huɗu ne suka aure su, George na Clarence da Richard na Gloucester, kuma kowannensu ya sa ido a kan dukiyar surukarsa. Shari'a ba ta ba su ba, domin abin nata ne, ba na mijin da ya yi tawaye ba. Sai a 1474 majalisa ta yi doka cewa a raba dukiyar tamkar matar ta mutu. Tana raye, tana ci tana sha, a lokacin ma tana zaune a hannun ɗaya daga cikin surukan a arewacin Ingila.

Da magariba na kira Hajiya, na ba ta labarin a gurguje. Ta yi shiru, can ta ce, "Ke 'yar nan, gadon mai rai? Surukai kuma? Ina kunya ta tafi?" Na ce, "Hajiya, da hatimin hukuma ma aka yi." Sai salati kawai take.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba da takobi aka ƙwace ba. Manyan ƙasa ne suka zauna cikin natsuwa suka rubuta, don 'yan'uwan sarki su daina rigima da juna. Zaman lafiyarsu aka saya da dukiyarta.

Duk ta ga bayansu. Isabel ta rasu a 1476, aka kashe George a 1478, Anne ƙarama ta rasu a 1485 tana sarauniya, a shekarar kuma Richard na Gloucester, wanda ya zama sarki, ya mutu a yaƙin Bosworth. A 1487 sabon sarki, Henry na Bakwai, ya sa aka soke waccan doka aka mayar mata da kayanta, amma don ta sa hannu ta miƙa wa masarauta ne. Kusan duka ta miƙa, aka bar mata ɗan abin riƙewa kamar Erdington, wadda yanzu unguwa ce a cikin Birmingham. Ta rasu a 1492.

Anti ta ce in har Erdington ɗin nan ce da take zuwa sayen kayan miya, to ranar Laraba in raka ta.