Wutsiyar X-1

Mu mazauna Palladan a Zariya kunnenmu ya saba da ƙarar ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Duk yaron da ka tambaya a unguwar nan, matuƙi zai zama. Da wuya ka ji mai sha'awar zama injiniya, abin kuwa yana ci min rai. Shi ya sa nake yawan ba su labarin Jack Ridley, injiniyan jirgin Amurka mai suna X-1.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙarfin inji ya samu. Tun 27 ga Agusta 1939 Jamus ta tayar da He 178, jirgin jet na farko, Ingila ta biyo baya a 1941 da injin Frank Whittle. Inda gizo ke saƙa shi ne sarrafawa. Da zarar jirgi ya doshi gudun sauti, sai iska ta cure a kan fukafukai, jirgi ya kama makyarkyata. A 1946 jirgin DH 108 ya tarwatse a sama da matuƙinsa Geoffrey de Havilland ƙarami a ciki.

Amurka ta ƙera Bell X-1 mai injin roka, da siffar harsashi. Babban jirgin yaƙi B-29 ke ɗaukarsa a ƙarƙashin cikinsa, ya sake shi can sama. A wani gwaji a 1947, matuƙinsa Chuck Yeager ya kai kashi 94 cikin ɗari na gudun sauti, ya ja sandar sarrafa jirgi, hancin jirgi ko gezau, kamar dokin da ya cije linzami ranar hawan sallah. Ɗan marfin da ke bayan wutsiya, mai ɗaga hanci da sauke shi, ya daina cin iska.

Ridley, injiniyan aikin, shi ma matuƙi ne, ya zauna ya yi lissafi. Kamfanin Bell ya riga ya sa abin da ke karkata wutsiyar ɗungurungum, sai Ridley ya ce a yi amfani da shi ana cikin tafiya, kaɗan-kaɗan. Aka gwada, jirgi ya ji magana. Ranar 14 ga Oktoba Yeager ya zarce gudun sauti a samaniyar Muroc, Kalifoniya, da karyayyun haƙarƙari biyu, don doki ya kayar da shi. Ko ƙofar jirgin ba ya iya rufewa, sai da Ridley ya yanko masa guntun sandar tsintsiya.

Daga baya aka sa wa jirgin yaƙin Amurka F-86 wutsiya mai motsi gaba ɗaya, ta yi masa rana a yaƙin Koriya.