Cinikin fili da gida a bakin tafkin Kainji

Mu da muke dillancin filaye da gidaje tsakanin Yawuri, Ngaski da Wara, abin da muke fara tambayar mai saye shi ne a wane wata ya ga wurin. A sauran garuruwa ana cewa ka duba fili da damina, in bai kwanta ruwa a Agusta ba ka saya. A bakin tafkin Kainji wannan shawara tana iya jefa mutum a rami, domin a Yuli da Agusta ne tafkin yake ƙasa ƙwarai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa biyu ne suke cika shi. Na farko ruwan daminarmu ne mai laka, da ake kira farin ruwa, wanda yake ɗaga tafkin daga Satumba zuwa Oktoba. Na biyu baƙin ruwa, wanda ya taso daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar, ba ya isowa sai wajen Disamba, ya riƙe tafkin a cike har Fabrairu. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai kusan mita 10 a tsaye. A inda ƙasa take shimfiɗe, kamar mita ɗaya na gangare a cikin kowace mita 100, wannan yana nufin bakin ruwa yana matsawa kusan kilomita guda. Saboda haka sau biyu muke kai mai saye: a Satumba ya ga inda ruwan sama yake bi, a Janairu ya ga inda tafki yake tsayawa. In yana gaggawa, mukan nuna masa zanen da ruwa ya bari a jikin itatuwa da duwatsu, da layin ɓawon katantanwa da tarkacen da igiyar ruwa ta tara.

Ƙasar da ruwa yake janyewa ya bari ita ce mafi albarka, a nan ake albasa da shinkafa da wake, kuma ita ce mafi haɗarin saye. Lokacin gina madatsar an tashi mutane sama da 40,000 aka gina musu sababbin matsugunai, ciki har da Sabuwar Bussa, kuma wurin da ruwa yake mamayewa na aikin madatsar ne. Iyalan da suke nomansa suna da haƙƙin noma da kowa ya sani a gari, amma ba su da abin da za su miƙa maka wanda gwamnati za ta ba wa takarda. Irin wannan wuri haya ko aro muke haɗawa, kaka ɗaya ko biyu, ba sayarwa ba. Ban da haka, dokar hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA ta 1997 ta ba ta iko da mita 100 daga gaɓar manyan hanyoyin ruwa irin kogin Kwara. Wanda yake son gina wurin sauke kaya dab da ruwa sai ya nemi izininta, ko da dagaci da hakimi sun sa hannu.

Idan wuri ya tsallake wannan, sai binciken asali. Ana farawa da mai unguwa, a wuce ga dagaci, sannan a tara maƙwabtan iyaka huɗu a taka wurin da ƙafa a gabansu. Iyakar gona a ƙauye gamba ce ko aguwa ko kunya, kuma tana tafiya a hankali idan garma ta daɗe tana shafarta. A nan akwai mutum biyu da ɗan birni yake mantawa da su: sarkin ruwa da arɗo. Sarkin ruwa ne ya san mashigin da masunta suke jawo kwale-kwale da inda suke shanya taru, arɗo kuma ya san burtali da mashaya. Fili yana iya zama fayau a ranar da aka je, amma da rani garke ɗari ne yake ratsa shi zuwa ruwa. Wanda ya katange burtali, katangar ba za ta kwana biyu ba, kuma ba shi da gaskiya a gaban kowa.

Yawancin cinikin da yake warwarewa, gado ne sanadi. Babban wa ya sayar da gonar da ba a raba ba, ƙanne mata suna gidajen aure a Kontagora ko Birnin Kebbi, ba wanda ya tambaye su. Bayan shekara uku, an zuba gini, sai sammaci ya zo. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason. Shi ya sa ba ma karɓar kafin alƙalami a kan gonar gado sai mun ga takardar rabo daga kotu, ko kuma magada duka, maza da mata, sun sa hannu a gaban shaidu. Sai jingina: wanda ka tarar yana noma wuri shekara ashirin yana iya zama mai riƙo ne kawai, mai gonar ya karɓi kuɗi a hannunsa, ranar da jikokin mai gonar suka kawo kuɗin sai a tashi. Tambaya ɗaya takan tona wannan: wa yake tsinkar ɗorawa da kaɗanyar da ke cikin gonar? In wani gida ne daban, a tsaya a ji dalili.

Batun takarda kuwa, mutane suna ɗaukar takardar dagaci kamar ita ce ƙarshe. Shaida ce mai ƙarfi, amma ba ita doka ta sani ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, kuma sayar da irin wannan haƙƙi yana buƙatar amincewar ƙaramar hukumar. Tsarin da muke bi shi ne takardar ciniki mai sunayen maƙwabtan iyaka da shaidu, sa hannun dagaci da hakimi, sai safiyo mai rajista ya auna ya kafa turakun siminti, sannan a kai ƙaramar hukuma. Mai son jinginar da wurin a banki sai ya wuce ma'aikatar filaye ta jiha neman satifiket na mallaka, wanda yawanci na shekara 99 ne. A lura da ɓangaren da ake: gabar Yawuri da Ngaski jihar Kebbi ce, Borgu kuma jihar Neja, kuma a can akwai iyakar gandun dajin Kainji da ba a saye ba a sayarwa a cikinta.

Awo ma yana jawo faɗa. Fuloti ƙafa 50 ne a 100, kusan murabba'in mita 465. Hekta ɗaya fuloti 21 ce a lissafin takarda, amma in an cire tituna da magudanai, 14 zuwa 16 ake samu. Wanda ya sayi gona don ya yanka, ya yi lissafinsa da 21, ya riga ya faɗi tun kafin ya fara. Mu la'adarmu kashi 5 cikin 100 ce, kuma ana faɗinta kafin a yi sallama.

Gidan da aka riga aka gina kuwa, daga ƙasa ake duba shi. A ƙwanƙwasa filasta daga daɓe zuwa tsayin gwiwa. In tana amsawa kamar ganga ko tana fitar da farin gari, danshi yana hawa bango, kuma sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kaɗai alama ce ta an rufe wani abu. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga tana nuna fandisho yana zaune a kan laka mai kumbura da damina ta tsage da rani. A leƙa masai a watan Janairu: idan ruwa ya taso a cikinsa, to rijiyar gidan ma abin tuhuma ce, musamman in tazararsu ba ta kai mita 30 ba. A tsofaffin gidajen da aka gina wa waɗanda aka tasa, a duba rufin, domin da yawa na asbestos ne, ba a fasa shi ko a yanka shi da zarto in za a sauya. Sai hanya: gidan da mota take kaiwa ƙofarsa a Maris, amma sai an shiga kwale-kwale a Oktoba, kuɗinsa na watan Oktoba ake biya.