Na zaɓi ƙasa kafin in zaɓi kwas

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, sai ka ga samari da 'yan mata a nan Gombe suna yawo da fayil ɗin takardu a hammata, suna cigiyar wanda ya san hanyar fita karatu waje. Wasunsu sukan zo wurina saboda sun ji cewa a Indiya na yi digirina, kuma kusan dukkansu da tambaya ɗaya suke farawa, wato wace ƙasa ce ta fi sauƙin shiga. Da wuya a samu wanda zai fara da faɗin abin da yake son karantawa da aikin da yake fatan yi da shi idan ya dawo. Ba na ganin laifinsu, domin ni ma da wannan tambayar na fara a 2016, kuma ita ce ta ci mini shekara uku, ta haɗa da gonar mahaifina.

Likitanci na sa a raina tun ina sakandare. Na zauna JAMB sau biyu makina bai kai ba, aka ba ni gurbin karatun kimiyyar halittu a wata jami'a ta nan gida, na ƙi karɓa saboda ina ganin ci baya ne. Ana cikin haka wani abokina ya kai ni ofishin wani ejan da ke samar wa ɗalibai gurabe a ƙasashen waje. Mutumin ya baje mini ƙasidu masu sheƙi a kan tebur, da hotunan ɗalibai sanye da fararen riguna suna leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta, sannan ya ce gurbin likitanci ya cika a bana, amma akwai wani kwas da ake kira bayoteknoloji wanda, in ji shi, uwa ɗaya uba ɗaya suke da likitanci, kuma idan na yi shekara ɗaya a cikinsa zan iya sauyawa. Ban tambaye shi wace doka ce ta ba da damar sauyawar ba, ban nemi ya rubuta mini alkawarin ba, ban ma nemi ganin jerin darussan da za a koyar ba. Farar rigar da ke cikin hoton ta gama da ni.

Mutum ɗaya ne a danginmu ya tsaya ya yi tambaya, shi ne Baffana, ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi wanda bai taɓa zama a ajin boko ba. Ranar da aka taru a zauren gidanmu ana maganar sayar da gonar da za a biya kuɗin makaranta, ya juya ƙasidar nan gaba da baya, ya dubi mahaifina ya ce: "Yaya, ni dai ba na biyan kuɗin buhu sai na soka masa ƙarfe na ga ƙwayar da ke ciki. Idan yaron nan ya gama, me za a kira shi, kuma wa zai ɗauke shi aiki?" Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, har na faɗa wa mahaifiyata a ɓoye cewa Baffa ba ya son ci gabana. Aka sayar da gona, aka yi mini fasfo, aka buga biza.

Sati na biyu da isata na je ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje na tambayi yadda ake cike takardar sauya kwas zuwa likitanci. Matar da ke wurin ta sa na maimaita tambayar, sannan ta yi mini bayani a tsanake cewa a Indiya ana shiga ajin likitanci ne ta wata jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya da ake kira NEET, babu wata ƙofa daga sashenmu zuwa can, kuma kuɗin karatun likitanci ya ninka nawa sau da yawa. Na fito na zauna a kan wani dakali har aka yi la'asar. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni a wurina: na yi shiru. Da na kira gida a daren na faɗi gaskiya, da asarar ta tsaya a kuɗin shekara ɗaya da na jirgi, in dawo in karɓi irin gurbin da na raina. Kunya ta hana ni, na ci gaba da amsa sunan "Dakta" da ƙannena suka laƙaba mini a waya har tsawon shekara uku.

Adalci ne in faɗi cewa kwas ɗin ba na bogi ba ne. Malamanmu sun san aikinsu, na koyi renon ƙwayoyin bakteriya a faranti, na koyi ciro ƙwayoyin gado daga jini da ganye, kuma har yau ina cin moriyar wannan ilimi. Sai dai an tsara shi ne domin kasuwar ƙasarsu. Indiya tana da manyan masana'antun magunguna da alluran rigakafi a birane irin su Hyderabad da Pune, don haka 'yan ajinmu 'yan ƙasa sun san inda za su nufa tun kafin su gama. Ni kuwa Gombe zan koma, inda babu irin wannan masana'anta ko ɗaya. Wannan shi ne abin da ƙasida ba ta faɗa: kwas yakan yi daraja a inda aka ƙirƙiro shi, ya zama takarda kawai idan aka ɗauke shi zuwa inda ba a tanadar masa wurin zama ba.

Da na dawo a 2019, na bi matakan da kowane mai digirin waje yake bi. Na kai takarduna Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja aka tantance su, sannan hukumar NYSC ta duba ainihin satifiket da takardar sakamakon kowane zango da fasfon da ke ɗauke da hatimin shigata da fitata, da sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ku lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin akwai makarantun waje da za su ɗauki ɗalibi ko da ba shi da kiredit a Lissafi, ya yi ta murna ya tsallake, ashe shingen yana jiransa a gida. Ku kuma adana tsohon fasfo ko ya ƙare aiki, domin shi ne shaidar cewa da ƙafarku kuka je.

Bayan na gama hidimar ƙasa na ɗauki takarduna zuwa wani ɗakin gwaje-gwajen jini a cikin garin nan, ina da yaƙinin cewa ko ban zama likita ba, wannan aikin dai nawa ne. Shugaban wurin, dattijo mai fara'a, ya karanta takardar sakamakona har ƙarshe, ya yaba makin, sannan ya cire tabarau ya ce: "Ɗana, ina lasisinka?" Na ce wane lasisi, Baba? Ya nuna mini wata takarda da ke rataye a bango cikin gilashi, ya ce ba wanda doka ta yarda ya sa hannu a sakamakon gwajin majinyaci sai mai rajista da MLSCN, majalisar da ke kula da masana gwaje-gwajen asibiti, ita kuwa digirin wannan fanni na musamman take nema, wanda a jami'o'inmu shekara biyar ake yi sannan a ƙara shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Na san yadda ake sarrafa kusan kowace na'ura da ke ɗakin, amma ba ni da ikon taɓa ko ɗaya da sunan aiki. A kan Keke Napep ɗin da ya mayar da ni gida, maganar Baffa ce kawai take yi mini yawo a ka.

Saboda haka, ƙannena, duk kwas ɗin da ya shafi lafiyar mutane ko gini ko shari'a, ku fara binciken daga ƙarshe, wato daga hukumar da za ta ba ku izinin aiki a Najeriya. Wanda ya karanta likitanci a Masar ko Rasha ko Sudan ba zai duba majinyaci a nan ba sai ya ci jarrabawar MDCN, majalisar da ke yi wa likitoci rajista, kuma ba kowa ke cinye ta a zama ɗaya ba. Mai ilimin haɗa magunguna yana da majalisarsa da horon da take yi wa masu digirin waje, ma'aikacin jinya da ungozoma suna da tasu, injiniya kuma COREN ce ke yi masa rajista. Wanda ya karanta lauya a waje sai ya fara yin kashin farko na Makarantar Horon Lauyoyi, inda ake koyar da dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da waɗanda suka yi karatu a gida. A nan yankinmu ma akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Jami'ar Azhar da ke Alƙahira da Jami'ar Musulunci ta Madina sun yaye mana manyan malamai a fannin Shari'a da Hadisi da Larabci, kuma wanda burinsa karantarwa da wa'azi ne ya je inda ya dace. Amma wanda yake son tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya, digirin Shari'a zalla ba zai kai shi can ba, gara ya dubi jami'o'i irin su Bayero da ke haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa a digiri ɗaya.

Ku ƙirga shekarun kwas da kyau. A Ingila da Indiya digirin farko a fannoni da yawa shekara uku ne, amma a Turkiyya da Rasha wanda zai yi karatu da harshen ƙasar sai ya fara ba da shekara guda ga koyon harshen. Ko inda aka ce da Turanci ake koyar da likitanci, majinyacin da za ka koyi aiki a kansa ba Turanci yake ji ba, kuma ɗalibin da ba zai iya tambayar tsohuwa inda ke mata ciwo ba, kallo kawai zai yi ta yi a asibiti.

Tsawon kwas kuma shi ne tsawon kasadar da iyali suka ɗauka, kuma wannan ne abin da iyayenmu ba su cika lissafawa ba. A watan Yunin 2016, daf da tafiyata, dala ta tashi daga kusan naira 197 a farashin gwamnati zuwa wajen 280, kuɗin gonar da aka ce zai kai ni ƙarshe ya tsaya a shekara ta biyu, sai da Baffan nan da na zarga ya cika sauran. Waɗanda suka zo bayana sun ga abin da ya fi haka, domin dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta kai 1,500 a farkon 2024, ɗalibai da yawa suka dawo ba digiri. Ga kuma yaƙi: na Yukren a Fabrairun 2022, da na Sudan a Afrilun 2023, wanda ya tarwatsa ɗaliban Arewa masu yawa da ke Khartoum, aka kwaso su ta kan iyakar Masar da Port Sudan. Ɗalibin da ke karɓar takardar sakamakonsa a ƙarshen kowane zango yana adanawa yana da abin da zai nuna wa wata jami'a ta ɗora masa; wanda ya bari sai ƙarshe, sai ya koma aji ɗaya. Game da makarantun da ke alkawarin digiri cikin gaggawa ba sai na ja magana ba: tun da wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, abin ya shafi har waɗanda suka zauna a aji da gaske.

Ra'ayina, wanda na san wasu ba za su so shi ba, shi ne mafi yawanku digiri na biyu ya fi dacewa ku nema a waje. Wanda ya yi na farko a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere ko ATBU a Bauchi, ya fito da sakamako mai kyau, ya riga ya san fanninsa kuma ya san giɓin da yake son cikewa. Digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne, kuma a wannan matakin ne tallafin karatu ya fi yawa: akwai Chevening na gwamnatin Birtaniya mai neman wanda ya yi aiki na shekara biyu, akwai na ƙungiyar Commonwealth, akwai na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. A lokacin ne mutum zai iya duban madatsar ruwan Dadin Kowa ya ce noman rani da sarrafa ruwa zai karanta, ko ya dubi simintin Ashaka da rijiyoyin man Kolmani da garken shanun da ke kewaye da mu, ya zaɓi abin da yake da mazauni a ƙasarsa.

Ni yanzu darasin kimiyyar halittu nake koyarwa a wata sakandare, fannin da na ƙi karɓa tun farko, kuma ina jin daɗin aikin fiye da yadda na zata. Goggona har yau Dakta take kirana, takan kawo mini katin asibiti in karanta mata, in karanta abin da na gane in tura ta wurin masu lasisi. Bara 'yar Baffa ta zo mini da tata ƙasidar, wani kwas mai dogon suna da aka ce mata daidai yake da aikin jinya. Muka zauna a tsakar gida da wayata, muka nemo jerin darussansa zango bayan zango, ba mu ga wata ɗaya da aka ware domin aiki a gefen gadon majinyaci ba. Na sa ta rubuta wa makarantar da kanta, ba ta hannun ejan ba, ta tambaya ko waɗanda suka gama suna samun rajistar aikin jinya a ƙasar ita kanta. Amsar ta zo bayan kwana tara, layi biyu, cewa ba sa samu. Yanzu tana aji ɗaya a makarantar koyon jinya a nan Gombe, fasfon da aka riga aka yi mata kuma yana cikin akwatin mahaifiyarta.